Kekunan da Aka Lulluɓe

Ɗakin gugar otal ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma taga ɗaya gare shi, 'yar siririya, can sama dab da rufi, daidai da gefen titi. Wanda ya ɗaga kai a ɗakin nan ba zai ga fuskar kowa ba, sai ƙafafu da tayoyi. Mai Guga ta shekara da shekaru tana kallon gari daga gwiwa zuwa ƙasa. Da wannan sunan kowa ya san ta, a wurin aiki da cikin unguwa, har in aka kira ainihin sunanta sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa.

Idan rana ta take, tururi yakan cika ɗakin har ba ka ganin ƙarshen tebur. A lokacin ne hankalinta ke yin nasa wuri. Hannu na kai dutsen guga yana dawowa a kan farin zanin gado, ita kuwa idonta na kan tagar, inda shuɗɗan kekunan nan na haya suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, sai sheƙin ƙarfen taya. Takan ga kamar ba a ƙasa suke tafiya ba, a kan tururin suke yawo. Takan bi su da ido har ta ji iska a kunnenta, irin wadda ta taɓa ji tana ƙarama, ranar da babanta ya ɗora ta a gaban kekensa suka gangara wani tudu. Sau ɗaya ke nan a rayuwarta, kuma ba ta ƙara hawa ba.

"Ke! Za ki ƙona wa mutane zani," in ji Mai Wanki, abokiyar aikinta, wata katuwar mata mai dariya kamar ana zazzage buhu. "Kin tafi ke nan? To in kin isa ki gaishe su."

Inda take tafiya kuwa ba wani wuri ba ne mai nisa a zuci, gida ne, wurin 'yarta. Ɗigo ake ce wa yarinyar, don da aka haife ta ba ta fi a saka a aljihu ba. Yanzu ta shiga shekara ta uku, baki ya buɗe, kuma duk unguwa ta shaida surutunta ban da uwarta. Mai Guga kan fita yarinyar na barci. In ta tashi daga aiki sai ta taka tun daga tsakiyar gari har bakin kogi, ta haye tsohuwar gadar da aka hana motoci bi, ta hau tudun unguwarsu. Bas ɗin da ke zagayowa ta babbar hanya kuwa, mai jiransa a tasha zai tsufa. Kafin ta iso duhu ya shiga, Ɗigo kuma kamar kaza take, rana na faɗuwa ta ɓingire. Uban yana can wani gari yana aikin gini. Yayar Mai Guga, wadda suke gida ɗaya, ita ke riƙe da yarinyar.

Saboda haka Mai Guga ta san nauyin 'yarta, ta san ɗumin ƙeyarta da yadda take dunƙule hannu cikin barci, amma muryarta sai a labari. "Yau kin san abin da ta ce wa mai kanti?" Yaya za ta fara, tana dariya tun kafin ta faɗa. Hutun mako kuwa sai otal ya ga dama, kuma ran da aka samu, yarinyar kan laɓe a bayan zanin Yaya tana leƙen ta. Ita Yaya yarinyar take kira Mama. Ba wanda ya koya mata, ba kuma wanda ya hana ta. Abin yana cin Mai Guga a rai ƙwarai, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Kekunan nan da take kallo ba don irinta aka yi su ba. Sai kana da babbar waya, sai kana da katin banki, sannan tashoshinsu duk a bakin gada suka ƙare, kamar keke na tsoron ruwa. Haka abin yake har ranar da wata mata daga kamfanin kekunan ta zo unguwar, da takalminta mai tsafta, ta tara mutane a filin da ke gaban famfo. Ta ce za a kafa musu tasha a nan. Ba waya, ba banki. Kowa ya je wurin mai kanti a ba shi kati, ya ɗora a jikin na'ura, keke ya fito, in ya gama ya mayar a kowace tasha a garin. Ta ce gwaji ne zuwa ƙarshen damina, in abin ya yi kyau a bar musu.

Washegari motar kamfanin ta zagayo ta babbar hanya, aka kafa tasha, aka cika kowane gurbi da keke sabo fil, shuɗi, da kwando a gaba da ƙararrawa. Mutane suka tsaya nesa suna kallo, hannu a baya.

To, unguwar nan ta daɗe da baƙin jini a gari. In aka sace mudubin mota a tsakiyar kasuwa, a ce 'yan ƙetaren gada ne. In ka je neman aiki ka faɗi inda kake zaune, sai ka ga fuskar mutum ta canja. Don haka da motar ta tafi, wani dattijo da ya yi shekarunsa yana gadin ma'aikata, wanda kowa ke kira Baba Maigadi, ya share murya ya ce, "Jama'a, kun dai ji gwaji ne. Mu ake gwadawa. Jira suke a ce ƙararrawa ɗaya ta ɓace, su ce ai daman mun faɗa. Wallahi ba za a ji kunya a gabana ba."

Kowa ya ce gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce, a yadda suka san duniya. Kayan aro a wurin mutanen nan ba abin wasa ba ne. In maƙwabciya ta ara miki tukunya, kya mayar da ita ta fi yadda ta zo haske. Baba Maigadi ya jawo bencinsa ya dasa a gindin tashar. Mata suka riƙa zuwa da bokiti da tsumma suna goge kekunan da ba su yi datti ba. Wani makaniki ya ɗiga wa kowace sarƙa mai. Da aka fara yayyafi aka ce tsatsa fa, sai Mai Guga da kanta ta roƙi tsofaffin zannuwan gadon da otal ya daina amfani da su, ta goge su sumul, ta kawo aka lulluɓe kowane keke har ƙasa. Har alfahari ta yi a ranar.

Kowa ya karɓi kati, amma ba wanda ya hau. In wani saurayi ya matso yana juya nasa a hannu, Baba Maigadi zai dube shi sama da ƙasa. "Ina za ka? Kasuwa? Ƙafarka aka yanke? Ka bari a gama gwajin tukuna, in sun zama namu ka hau har ka gaji." Saurayi ya sosa ƙeya ya wuce.

Kullum da sassafe Mai Guga kan wuce ta gaban kekunan, farare a jere cikin hazo, iska na ɗan ɗaga gefen zani ana hango taya. Takan ga kamar numfashi suke yi. Takan taɓa katinta da ke ƙulle a bakin zani, ta ce a ranta saura kaɗan, ta ci gaba da tafiya.

Ana cikin haka wata rana ta fito bayan otal shanya, ta tarar da mai motar kekuna ya faka a inuwa yana cin abincinsa. Shi ne ke zagaya gari yana kwashe kekuna daga inda suka taru yana kai wa inda babu. Ta gaishe shi, ta ce ita 'yar ƙetaren gada ce, ta tambaye shi, da 'yar fara'arta, ko kamfani ya ji daɗin yadda suka riƙe kayan.

Ya ajiye cokali. "Au, ke 'yar can ce? Baiwar Allah, me kekunan nan suka yi muku?"

"Kamar yaya? Ko ƙwarzane babu a jikinsu."

"Ai shi ne. Duk garin nan ba kekunan da suka kai naku tsafta. Amma su can ofis ba tsafta suke gani ba. Na'ura ce ke gaya musu keke ya fita, keke ya dawo. Taku tun da aka kafa ta ba ta ce uffan ba. Sun ce mutanen can ba sa so. Ƙarshen makon nan aka ce in je in kwashe."

Mai Guga ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Duk tsawon daminar nan abu ɗaya take lallashin kanta da shi: in kekunan suka zama nasu za ta koya, ta riƙa isa gida da sauran rana, Ɗigo ta gan ta ido biyu. Ashe da hannunta ta goge zanin da ta rufe abin.

Da ta koma ta gaya wa Baba Maigadi. Ya girgiza kai yana murmushin wanda ya ga jiya. "'Yata, dabara ce. So suke mu saki jiki a farfasa, su sami abin faɗa. Na yi gadi kafin a haife ki." Ta gaya wa Yaya, Yaya ta ce, "To ke ina ruwanki, ko hawa kin iya?"

Ba ta iya ba kam. Amma akwai tasha a gaban otal, kuma matar kamfanin ta ce katin na aiki ko'ina. Washegari da aka tashi cin abincin rana ta je ta ɗora katin. Na'urar ta yi 'yar ƙara, keke ya saki. Ta waiga ko wani zai ce ta ajiye, ba wanda ya ko dube ta. Ta tura shi zuwa filin shanya na bayan otal.

Mai Wanki ce ta riƙe mata sirdi. "Taka! Ke taka mana! Kar ki kalli ƙasa, me kika ajiye a ƙasan? Wayyo bayana, Allah ya isa tsakanina da ke." Suna tafe tsakanin layukan zannuwa, fari ta dama fari ta hagu, jiƙaƙƙen yadi na shafar fuskarta. Ta faɗa cikin zani ta fito ta wani. Ta tuge igiya guda, suka sake wankin layi ɗaya suna zagin juna. Kwana na biyu ma haka. A na uku tana cikin takawa sai ta ji muryar Mai Wanki daga can nesa tana ihu, "Kin tafi! Wallahi kin tafi!" Sai a lokacin ta gane ba kowa a bayanta.

A ranar, da aka tashi aiki, ba ta kama hanyar ƙafa ba. Ta ciro keke, ta tattare zaninta, ta yi bismillah ta hau.

Da farko tsoro ne kawai, da hon ɗin motoci, da wani mai lemo da ya ja tirensa yana salati. Daga baya titi ya miƙe, ƙafafunta suka daina tambayar ta. Ga mutane nan da fuskokinsu, ashe masu takalman da take gani ta taga suna da kawuna. Shagunan da ta saba wucewa a rufe duk a buɗe suke. Wani gida da ta ɗauka baƙi ne, ashe kore ne. Gari ya riƙa zuwa yana wucewa ta gefenta a hankali, ita kuma kamar tana zaune wuri ɗaya, iska na kaɗa mata gefen ɗankwali. Da ta hau gada sai ta ga kogin ya zama ja da ruwan ɗorawa tun daga wannan gaɓa har waccan, rana na zaune a kansa ba ta ko fara nutsewa ba. Katakon gadar na amsawa a ƙarƙashin taya. Ta ji ƙamshin rigar babanta, ta ji gemunsa a tsakar kanta, ta ji yana cewa riƙe da kyau. Ta danna ƙararrawa ba don kowa ba.

A gindin tudun unguwarsu mafarkin ya ƙare. Akuya ta gifta, Mai Guga ta manta inda birki yake, ita da keke suka zube a bakin kwata. Gwiwarta ta ɗaye. Marfin tayar gaba ya sami doguwar ƙwarzana, kwando ya cika da taɓo. Ta tashi ta karkaɗe jiki, ta tura shi zuwa sama tana ɗingishi, yara na bin ta a baya.

Baba Maigadi na ganin ta ya miƙe tsaye. "Inna lillahi! Me zan gani? A ina kika samo wannan? Dubi yadda kika yi da kayan mutane!"

"Daga gari na hau shi, Baba. Mayarwa zan yi."

Ta tura shi zuwa tashar, ta bi layin daga wannan kai zuwa wancan, sannan ta tsaya. Ba gurbi. Tun ranar da aka cika tashar ba keken da ya motsa, kowane gurbi da mai shi a ciki, lulluɓe da zaninsa.

"Baba, ba inda zan saka."

"To ki mayar inda kika ɗauko."

"Da wannan ƙafar?" Ta nuna masa gwiwar. "Kuma ka ji abin da matar ta ce. Keken da bai kwana a gurbi ba, ɓatacce ne a wurinsu. Da katin unguwar nan aka ɗauke shi."

Mutane sun fara taruwa. Dattijon ya dubi keken mai taɓo, ya dubi fararen da ke jere. Abin da ya kwashe damina yana gadi kada ya faru, ga shi a gabansa: gobe a ce keke ya ɓace a hannun 'yan ƙetaren gada. A shigar da shi cikin gida? Wannan ai ita ce satar. Ya cire hularsa ya goge zufa, sai ga katinsa a cikin hular, inda ya adana shi tun ranar farko.

"Ku matsa," ya ce.

Ya yaye zanin keken farko, ya ninke shi da kyau ya miƙa wa wata mata. Ya ɗora kati. Na'urar da ba ta taɓa magana ba ta yi 'yar ƙararta, har wasu suka ja da baya. Ya jawo keken, Mai Guga ta tura nata a gurbin, ya kama ƙas.

Sai ga shi yanzu Baba Maigadi ne tsaye da keke a hannu ba wurin sakawa.

Mai kanti ne ya fara fashewa da dariya. "Baba, ina za ka? Ƙafarka aka yanke?"

"Rufe mini baki. Bakin gada zan kai shi in dawo." Ya fara turawa, ya yi 'yan taku, ya tsaya. Ya dubi gangaren, ya shafa sirdin da tafin hannu. "Da irin wannan na yi zuwa zance wurin uwar 'ya'yana," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya tattare riga ya ɗaga ƙafa. Keken ya yi dama, ya yi hagu, mata suka sa salati, sannan ya miƙe. Suka bi shi da kallo yana gangarawa, rigarsa ta cika da iska, hular ta tashi ta faɗi a hanya bai ko waiwaya ba.

Saurayin nan da aka taɓa kora ya ce, "Ai bai kamata a bar tsoho shi kaɗai ba," ya riga ya kama bakin zani na biyu.

Mai Guga ba ta tsaya ganin sauran ba. Ta shiga lungunsu, rana na nan a jikin bango har yanzu, ta kai tsayin mutum. A ƙofar gida wata 'yar yarinya na tsugune tana jera murafen kwalba tana yi musu faɗa da wata 'yar murya mai kauri, wadda ba ta dace da jikinta ba. Mai Guga ta tsaya tana saurare. Ashe haka muryar take in ba kunya a cikinta.

Yarinyar ta ɗago, ta dube ta, ta juya cikin gida ta ƙwala kira. "Mama! Kin yi baƙuwa!"

Maganar ta soke ta har cikin ciki. Ta zauna a dokin ƙofa. Ɗigo ta tsaya nesa tana kallon gwiwar da ke jini. Can ta matso a hankali, ta tsuguna, ta tara baki ta hura wa ciwon iska, yadda ake yi mata in ta faɗi.

"Sannu. Kar ki yi kuka."

Sai ta tsaya. Ta matso da hancinta jikin rigar, inda ƙamshin sabulu da tururin guga ya kama tun shekaru. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta lumshe ido. Ta buɗe ta dubi fuskar da kyau.

"Ke ce mai zuwa in na yi barci."

"Ni ce."

"Kina taɓa mini nan." Ta kai hannu ƙeyarta.

"Ni ce, Ɗigo."

Yarinyar ta yi nazari, irin na manya. Sannan ta haye cinyarta, ta gefen da ba ciwo, ta zauna daram kamar wurin nata ne tun da can. "Gobe ma ki zo da rana," ta ce.

Daga can filin famfo ana jin ƙararrawar keke, ɗaya, sai wata ta amsa, sai wata daga ƙasan tudu. Yaya ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu, ta gan su, ta koma kan girkinta. Mai Guga ta sa hannu a ƙeyar 'yarta, ta ce to, za ta zo.